Labarin Baki, a Tambayi Fuska

A Tsiga, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bakori, ana gane tsohon da haƙoransa suka ƙare tun bai buɗe baki ba. Idan aka raba goro a wajen ɗaurin aure, kowa zai ɓare nasa ya kai baki, shi kuwa sai ya laluba aljihu ya fiddo magogi, ɗan gwangwanin nan da aka huhhuda da ƙusa, ya goge goron a tafin hannu, ya watsa garin a baki. Tuwon masara da miyar kuka ba su da matsala. Naman layya ne ke tona masa asiri, da gasasshiyar masara a farkon kaka, wadda shi ya noma abarsa amma sai dai ya miƙa wa jikoki.

Ba shi kaɗai ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a cikin mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama, wajen kashi 23 cikin ɗari ba su da haƙori ko ɗaya. A ƙasar noma irin wannan, maganar gyara takan taso ne bayan kaka, idan an sayar da masara da waken suya, 'ya'ya sun haɗa abin da ya sawwaƙa. Sai a ɗauki tsoho a nufi Funtuwa, in ba a samu mai yi a can ba a zarce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a kan hanyar Zariya, ko kuma a yi Kano, Asibitin Malam Aminu Kano. Abin da ake nema sunansa haƙoran roba. Mafi yawan masu rakiya sun ɗauka abu ne kamar sayen takalmi: a gwada, a ga wanda ya yi daidai, a biya, a tafi. Shi ya sa ransu kan ɓaci idan aka ce sai an yi zuwa biyar.

Abin da ke cin waɗannan zuwan shi ne neman wani layi da ya ɓata. Mai haƙora, in ya ɗora kati a kan haƙoransa na ƙasa ya cije a hankali, katin zai kwanta a wani matsayi, yana da tsayinsa daga haɓa, yana da karkatarsa daga gaba zuwa baya. Wannan ita ce shimfiɗar cizo, wato filin da haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa a kai. Duk wanda ya taɓa bin garmar shanu ya san cewa kunyar farko ita ke jan sauran, in ta karkace gonar duka ta karkace. Haka wannan shimfiɗa take ga haƙora 28 da za a jera. To amma a bakin da ya zama wawulo, babu ko turmi ɗaya da zai ce ga inda take a da.

Dasashin ma ba abin dogaro ba ne, domin ƙashin da ke ƙarƙashinsa zaizayewa yake yi da zarar an rasa haƙori. Wata likita, Antje Tallgren, ta bi masu sa haƙoran roba har tsawon shekara 25, ta wallafa sakamakonta a 1972. Ta samu cewa ƙashin gaba na muƙamuƙin ƙasa ya ragu da milimita 9 zuwa 10, na sama kuma da milimita 2.5 zuwa 3. Wato na ƙasa ya ninka na sama wajen sau huɗu. Dattijon da ya yi shekara goma sha biyar yana aiki da magogi, gidan ya rushe, harsashin ma ruwa ya ci rabinsa. Magini in ya samu kango irin wannan, sai ya ɗaga kai ya dubi abin da bai motsa ba a kewaye, ya ja igiyarsa daga can. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Likitan haƙori shi labarin baki yake tambayarta.

A zuwa biyun farko ana ɗaukar zubin dasashi ne a fitar da shi da filasta. A na uku ake yin aikin da wannan rubutu yake magana a kai. Mai haɗa haƙora ya riga ya gina wasu katangu biyu na kaki mai launin ruwan hoda, masu siffar kofaton doki, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, a wurin da haƙora za su zauna. Likita zai zaunar da dattijo sosai, ba a kishingiɗe ba, ya sa masa ta sama.

"Baba, a taimaka a cire hular."

Ba raini ba ne. Hula in ta karkata gefe, kamar yadda dattawa da yawa ke kafa ta, takan yaudari idon mai awo, ya ga fuskar ta karkace alhali lafiyarta ƙalau.

"Yauwa. A saki leɓe, kada a yi murmushi, kada a tsuke."

Abin da yake dubawa shi ne kakin da ke leƙowa a ƙarƙashin leɓen sama. A 1978 wasu likitoci biyu, Vig da Brundo, sun auna yawan haƙorin gaba da ke bayyana idan leɓe yana sake. Sun samu wajen milimita 2 ga maza, wajen 3.5 ga mata, kuma abin yana raguwa da shekaru, har idan an wuce sittin kusan ba a ganin komai a sama, na ƙasa ne ke ƙara fitowa. Wannan ƙaramin lissafi shi ke raba haƙoran roba masu kama da na mutum da waɗanda ake hangowa daga bakin kasuwa. Idan aka ba ɗan shekara saba'in tsayin haƙorin budurwa, kullum zai zama kamar yana yaƙe.

Da an samu tsayin gaba, sai a ɗauko wani faranti siriri da likitoci ke kira farantin Fox. Tsakiyarsa na shiga baki ya manne da ƙasan kakin, fukafukansa biyu kuma su fito waje su bi gefen kumatu, don abin da ke ɓoye a baki ya fito fili ido ya gan shi. Likita zai tsaya a gaba, ya riƙe rula a saitin ƙwayar idanun nan biyu, ya kwatanta da farantin. In rular da farantin sun tafi tare kamar layin dogo, dama da hagu sun daidaita. In gefe ɗaya ya sauka, sai a fiddo kakin, a ɗora shi a kan ƙarfe mai zafi ya narke kaɗan, a mayar. Ɗakin ya cika da ƙaurin kaki. Ana iya yin haka sau biyar, sau shida, dattijo na kallon yaron nan da ke ta narka kyandir yana mayar masa a baki, yana tunanin anya.

Daga nan likita ya koma gefe. A nan ne ake jan layin da ya fi kowane suna a wannan sana'a: daga ƙasan gefen hanci zuwa ɗan guringuntsin nan da ke tsaye a ƙofar kunne. Fiffiken farantin ya kamata ya tafi daidai da shi. Idan mace ce, sai an nemi izininta ta ɗan ja hijabi baya kunne ya fito, kuma likita mai hankali yakan bar wa ma'aikaciya mace wannan, ko ya tabbatar 'yarta na tsaye a wurin.

Layin yana ɗauke da sunan Petrus Camper, wani masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Holan da aka haifa a Leiden a 1722, ya rasu a 1789. Bai ja shi don haƙoran roba ba. Mutum ne mai son zane, yana neman hanyar da masu zane za su riƙa fitar da fuskokin al'ummu daban-daban yadda suke. Sai ya ja layi daga gindin hanci zuwa ramin kunne, ya ja wani daga goshi zuwa haƙoran gaba, ya auna kusurwar da ke tsakaninsu. Gumakan Girkawa suka ba shi digiri 100, Bature 80, mutumin Afirka da Bakalmuke na Asiya 70, wani babban biri 58. Ɗansa ne ya buga aikin a 1791, bayan rasuwarsa. Shi Camper ya tsaya a kan cewa 'yan Adam asalinsu ɗaya ne, launin fata ba ya ɗaga wani a kan wani. Amma hoton kawunan nan da ya jera daga biri zuwa gunki ya fi maganarsa tafiya, waɗanda suka zo bayansa suka mai da shi tsani, suka kafa hujjar cewa baƙar fata na ƙasa. Kusurwar ta mutu a wajen masana, kuma ta cancanci mutuwa. Layin kwancen ne ya tsira, domin likitocin haƙori sun lura cewa a yawancin mutane shimfiɗar cizo tana tafiya kusan daidai da shi. Ga shi yau ana ɗora shi a kuncin manomin Tsiga don ya ci nama.

"Kusan" ɗin nan ita ce ba a cika faɗa wa ɗalibi da ƙarfi ba. Guringuntsin kunne yana da sama, yana da tsakiya, yana da ƙasa, kuma har yau ba a gama muhawarar inda za a ɗora rula ba. Tsofaffin littattafai da yawa sun ce sama. Binciken van Niekerk da abokan aikinsa na 1985 ya goyi bayan ƙasa, wasu kuma suka tsaya a tsakiya. Tazarar ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, amma ta isa ta ɗaga turamen baya ko ta sauke su. Saboda haka ba a tsayawa a kan shaida ɗaya. A can ƙarshen dasashin ƙasa akwai wani ɗan tudun nama mai siffar ƙwai wanda ba ya zaizayewa kamar sauran, kuma shimfiɗar kan ƙare ne a wajen kashi biyu cikin uku na tsayinsa. Gefen harshe in yana kwance ya kamata ya yi kai ɗaya da ita. In ta yi sama da yawa, harshe ba zai iya ɗora loma a kan turame ba, tuwo ya riƙa taruwa a lungun kumatu. In ta yi ƙasa, harshe ya riƙa hawa kai ana cizonsa. An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma saɓanin da likita ya ƙulla da hannunsa kullum ne, safe da yamma.

Sai kuma tazarar da ke tsakanin muƙamuƙan biyu. Mutum in yana zaune bai cewa komai, haƙoransa ba a haɗe suke ba, akwai sarari na milimita 2 zuwa 4. Don a gano shi, akan ɗiga alama a kan hanci, a ɗiga wata a haɓa, a ce mutum ya haɗiyi yawu ya saki jiki, ko ya ce "Mamman" ya bar leɓɓansa yadda suka sauka, a auna. Sannan ya cije kakin a sake aunawa. Wanda ya tsara wannan dabara da alama bai yi tunanin gemu ba. Haɓar dattijon Tsiga tana ƙarƙashin furfurar da ya yi shekara talatin yana gyarawa, ba wurin ɗiga alama, kuma ba likitan da zai ce a aske. Ma'aunin Willis, wanda ke tokare ƙasan hanci da ƙasan haɓa, shi ma gashin yake dannewa, yau ya danne da yawa gobe kaɗan. Dole a koma ga ido da kunne. In an cika tazarar, leɓɓa ba sa haɗuwa sai da ƙoƙari, haƙora na ƙwas-ƙwas in ana magana, dasashi ya yi ta ciwo. In an rage ta, haɓa ta matso hanci, gefen baki ya lotsa, yawu ya kwanta a wurin har ya tsage.

Maganar kunne ita ce inda littafin da aka rubuta a Ingila ko Amurka ya fi yin tuntuɓe a ƙasar Hausa. Littattafan sun ce a sa mutum ya faɗi lamba hamsin da biyar da Turanci, saboda tana cike da sautin f da v, waɗanda Bature ke furtawa ta hanyar ɗora bakin haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. In haƙoran sun sauka daidai inda jiƙaƙƙen leɓe ya haɗu da busasshe, tsayinsu ya yi. Gwaji ne mai kyau, ga mai wannan f ɗin. Hausa ba ta da v sam, f ɗinta kuma da leɓɓa biyu ake yin ta, haƙori ba ya shiga maganar. Duk ɗan sakandaren da ya karanta Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Farfesa Mu'azu Sani Zariya ya san sunanta baleɓe. A bakin mutane da yawa ma takan koma h, a ji Huntuwa maimakon Funtuwa. Likitan da ya ce wa dattijo ya ce "fara" ko "Malumfashi" yana jiran ya ga haƙori ya taɓa leɓe, zai daɗe yana jira, in kuma bai san dalili ba sai ya ƙara wa haƙoran tsayi a banza.

Akwai mafita, kuma tana cikin abin da mutanen suka fi damuwa da shi. Fa'un ta Larabci, kamar yadda malaman tajwidi ke koyarwa, tana fita ne daga cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran gaba na sama, daidai wurin da likita ke son gani. Wanda ya yi tajwidi, in ya karanta sura kamar Fil ko Falaƙi, shi da kansa zai ji ko harafin ya zauna. Fatiha dai ba ta da fa'un ko ɗaya, tana cikin haruffa bakwai da ba su zo a cikinta ba, amma tana da sinun da sadun, su kuma suna da nasu amfanin. Ga liman ko alarammar da zubewar haƙoran gaba ta sa karatunsa ya fara shan iska, wannan ba gwajin asibiti ba ne kawai, shi ne abin da ya kawo shi tun farko, ko da bai faɗa wa 'ya'yansa ba. Sai dai wanda ya yi karatun allo na gargajiya bai bi ta tajwidi ba, sau da yawa da f ɗin Hausa yake karantawa, don haka sai likita ya kalli bakin ya ga wace iri ce kafin ya yanke hukunci.

Sautin s kuwa bai san ƙabila ba. Lokacin furta shi ne haƙoran sama da na ƙasa ke matsowa kusa ƙwarai ba tare da sun haɗu ba, abin da wani likita mai suna Silverman ya bayyana a farkon shekarun 1950. A Hausa babu abin da ya kai "sittin da shida" dacewa, ko a ce wa mutum ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in. In an ji haƙora na karo, an cika tsayi. In an ji fito kamar na mai kiran kare, akwai gyara a bayan haƙoran gaba.

"Baba, daga ina aka zo?"

"Daga Tsiga, likita."

Ko wannan amsar ma gwaji ce.

Ana kuma amfani da fuska wajen zaɓen girman haƙoran. Tsagin da ke tsakiyar leɓen sama shi ke nuna inda haƙoran gaba biyu za su rabu, a ja masa alama a jikin kakin. Wata tsohuwar ƙa'ida ta ce a sauko da layi daga gefen hanci dama da hagu, nan ne fiƙoƙi za su tsaya. Amma faɗin hanci ya bambanta tsakanin al'ummu, a Tsiga kaɗai ma in aka jera Bamaguje da Bafulatani za a ga bambancin, kuma bin ƙa'idar ido rufe kan ba mai faffaɗan hanci haƙoran da suka fi ƙarfin bakinsa. Sai wushirya. Haƙoran roba a jere suke zuwa daga kamfani a kan kati, mai haɗawa kuma an koya masa ya manne su. Hajiyar da aka yi wa kirari da wushiryarta tun tana budurwa, in aka toshe mata ita, za ta dubi madubi ta ce wannan ba bakinta ba ne, kuma gaskiyarta. Tambaya ɗaya ta isa a kauce wa wannan. Haka haƙorin Makka, wanda ya tafi tare da haƙorin da aka cire, mai shi na iya so a mayar masa. Haka launi: bakin da ya yi shekara hamsin da goro, in aka cika shi da haƙora farare tas kamar audugar Funtuwa, kowa a masallaci ya san abin da ya faru. Tsohon hoto zai taimaka, sai dai hoton katin zaɓe da na fasfon Hajji duka baki a rufe yake, dattijon Bahaushe ba ya yi wa kyamara dariya.

Wani lokaci fuskar ce da kanta ba ta da amsa. Wanda ɓarin fuskarsa ya shanye, gefen bakinsa ɗaya a sauke yake. Wanda ya taɓa karya hanci ko muƙamuƙi a hatsarin babur, alamominsa sun gusa. Mafi tsanani shi ne zaizayar baki, cutar noma, mai cin kumatu da leɓe da gefen hancin yara masu fama da tamowa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. A irin wannan fuska, gefen hancin da za a ja layi daga gare shi babu shi, sai a dogara da ɓangaren da ya tsira a kwaikwayi ɗayan da shi. Ko a manyan asibitocin duniya da ke ɗaukar hoton fuska da na'ura su sassaƙa haƙora da kwamfuta, idanun nan biyu da hanci da kunne su ne ake nuna wa kwamfutar.

A zuwa na huɗu ana gwada haƙoran a jere a cikin kaki, lokacin da sauran damar matsar da su. Wannan ce ranar da ya kamata a zo da uwargida ko babbar 'ya, wadda ta san fuskar tun da haƙoranta. A na biyar a karɓi na gaske, a koma gida da gargaɗi: a cire su da dare a sa a ruwa, a wanke bayan cin abinci, a dawo in wani wuri na gurzar dasashi, kada a ɗauko wuƙa ko reza a kankare da kai. Naman layya zai ciwu, in an yanka ƙanana an tauna da ɓangarorin biyu lokaci guda. Amma ƙarfin cizon haƙoran roba wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na haƙoran da Allah ya halitta, kuma gatsa abu mai tauri da na gaba yakan ɗaga na sama daga baya su faɗo a gaban jama'a. Don haka idan dattijo ya tambaya ko yanzu ya jefar da magogi, likita zai ce masa a'a, Baba, a bar shi a aljihu.